Amsar da Na Goge da Hannuna

Akwai wata ranar Laraba da ba na jin zan manta da ita har in koma ga Mahaliccina. Shekara uku ke nan. Abin ya fara ne daidai lokacin da matar da nake yi wa tambayoyi ta daina juya gyaɗar da ke cikin kasko. Idonta kawai ya tsallake kafaɗata ya tsaya a jikin zanar da ke bayana. Na waiga. A ƙasan zanar, inda gara ta cinye, na hango ƙafafun namiji cikin silifas, a tsaye cak. Ban san tun yaushe suke wurin ba.

Bari in ɗan koma baya don a fahimce ni. Ni 'yar Azare ce, na gama sakandare ban samu ci gaba ba, ina zaune a gida ina taya Inna aiki. Sai wata ƙungiya ta zo neman 'yan mata masu iya karatu da rubutu, za a yi binciken yadda maza da mata ke raba aiki, da abin da kowa ke samu, da wanda ɗawainiyar gida ta fi hawa kansa. Aka ba mu horo na kwana biyar, aka damƙa wa kowaccenmu wata faffaɗar waya mai ɗauke da tambayoyin. Dokoki biyu aka fi nanata mana. Ta farko, a keɓe mace ita kaɗai kafin a tambaye ta. Ta biyu, duk amsar da ta bayar a maimaita mata a fili, ta ji da kunnenta, ta ce haka ne, sannan a wuce. A wannan ta biyun har yaba mini aka yi, wai muryata tana fita tar. Na yi ta jin daɗi, ban san muryar ce za ta jawo mini ba.

Ranar aka tura ni wani ƙauye a gefen Disina. Ɗan acaɓa ya sauke ni da hantsi, muka yi da shi zai dawo bayan la'asar. Gida na uku da na shiga babban gida ne na 'yan'uwa, kowane magidanci da sashensa, zana ce kawai ta raba su. Ni kuwa a gidan bulo na tashi. A wurina in ka shiga sashen mutum, babu kowa a tsakar gida, to kun keɓe ke nan. Ko kaɗan bai zo mini a rai cewa zana ba ta tare magana ba.

Matar za ta yi shekara talatin da biyar, siririya, mai yawan dariya. Ta tura mini kujera 'yar tsugune da ƙafa, hannunta na kan aikinta.

Na ce, "Yaya, kina aiki?"

Ta kwashe da dariya. "Aiki? Ni da ko ƙofar makarantar boko ban taɓa leƙawa ba? A'a ƙanwata, ba na aiki. Zaman gida kawai."

Haka kusan duk matan ke cewa, shi ya sa tambaya ta gaba ke bin yinin mace daki-daki. Muka fara tun daga asuba. Ɗiban ruwa, hura wuta, kokon yara, shara, wankin kwanuka, sannan ɓarar gyaɗa, suya, aikawa inji, matsar mai, murza ƙuli-ƙuli, a soya, a ƙulla, a sayar wa masu zuwa sari. Tsakani ga girkin rana, ga na dare, ga surukarta tsohuwa da ba ta iya tashi sai an ɗaga ta. Ina ta dannawa, shafi ya cika na buɗe wani.

Ta leƙo ta ce, "Duk ni ce wannan? To ki sa har da korar kajin maƙwabta, don su ma suna cin lokacina."

Muka yi dariya tare. Wallahi na so matar nan.

Sai muka zo tambayar da ke cewa, a 'yan watannin nan wa ya fi ɗaukar nauyin abincin gidan. Nan dariyarta ta ɗauke. Ta matso da kujerarta, ta yi ƙasa da murya har sai da na sunkuya. Ta ce tun da ruwa ya cinye shinkafar maigidanta a daminar bara, da wannan kaskon suke ci. Ta ce duk ranar kasuwa, kafin ya tashi, takan sa masa kuɗin a aljihun rigarsa da ke rataye. Shi kuma ya saka rigar ya tafi, ya auno hatsi, ya shigo da shi ta zaure a kafaɗa, 'yan'uwansa na gani.

"Ni da shi ba mu taɓa yin maganar ba," in ji ta. "Bai tambaye ni ba, ban faɗa masa ba. Mutumin kirki ne, ƙanwata. Jarrabawa ce ta same shi."

Mai hankali da ya ji yadda ta rage murya ya san abin da ya kamata. Ni ban sani ba. Shekarata goma sha tara, abin da ke kaina kawai in yi aikina yadda aka koya mini. Na danna, na gyara zama, na karanto da muryar nan tawa da ake yabo:

"To Yaya, kin ce ke ce kike ciyar da gidan nan, maigida ba ya kawo komai tun bayan ambaliya. Haka ne?"

A nan ne hannunta ya tsaya. A nan ne na ga ƙafafun.

Wan mijinta ne, shi ne babba a gidan. Bai yi sallama ba, ya zagayo ya faɗo sashen. Dogo ne, da carbi a hannu.

"Ke! 'Yar gidan uban wa ce ke? Wa ya aiko ki ki rubuta gidanmu a gidan da mace ke ciyarwa?"

Na buɗe baki in yi bayani, ya fizge wayar daga hannuna. Ya ce in wuce zaure. Na juya zan ɗauki jakata, inda ƙaramar wayata take, ya daka mini tsawar da ta sa na bar ta a wurin. Gyaɗar ta fara ƙonewa, matar na zaune ba ta ko motsa ba.

A zauren ya nuna mini lungu, na durƙusa. Kafin a jima ƙofa ta cika. Ina jin yadda maganar ke canjawa daga baki zuwa baki. Wani ya ce sunayen magidantan da suka gaza nake tarawa za a karanta a rediyo. Wani ya ce a'a, mata ake koya wa kai mazajensu kotu. Wata tsohuwa ta ce dama tun da ta ga irin tafiyata ta san ba alheri ya kawo ni ba. Na ce, "Baba, wallahi ba a rubuta suna, lamba ce kawai." Ba wanda ya saurare ni. Samari suka taru a waje, na ga biyu da sanduna. Wani ya ce, "A fito mana da ita mana!" Dutse ya sauka a kan kwanon zauren, na ji ƙarar har cikin haƙorana.

Aka kira azahar, suka yi salla a ƙofar gida bi da bi don kada a bar ƙofar babu kowa. Ni ko ruwan alwala ba a ba ni ba, ban kuma iya tambaya ba. Ina ta karanto duk addu'ar da na sani, ina tuna Inna da ta ce mini da safe in ɗauki mayafi mai kauri saboda rana. Na ce a raina shi ke nan, ita ce maganarmu ta ƙarshe.

Can sai ga mijin an kirawo shi daga gonar wani inda yake ƙwadago, laka har gwiwa. Ɗan gajere ne, mai sanyin fuska. Wansa bai bari ya zauna ba, ya tare shi a gaban jama'a.

"Ga abin da aka rubuta a kanka. In gaskiya ne, ka faɗa mana yanzu mu san ba mu da namiji a sashen nan. In kuwa matarka ce ta ƙaga, to yau ta kwana a gidan ubanta. In wannan yarinyar ce ta ƙaga, ka bar mu da ita."

Mijin ya dubi ƙasa, ya dubi ƙafafunsa. Na gane a lokacin cewa duk amsar da zai bayar sai ta kashe wani a cikinmu uku. Ban taɓa ganin babban mutum ya ƙanƙance a tsaye haka ba, kuma ni na jawo masa.

Allah Ya sa wani ya je ya sanar da mai unguwa. Dattijo ne sosai, yana dogara sanda, Hausarsa da ɗan karin Fulatanci. Da ya shigo hayaniyar ta ragu. Ya zauna a kan buzu, ya sa aka miƙo mini wayar, ya ce, "'Yata, karanta mini abin da kika rubuta, kada ki ƙara kada ki rage." Na karanta. Wannan karon da ƙyar muryar ta fita. Sai ya ce a kira matar.

Ba ta shigo ba, ta tsaya a bayan ƙofar cikin gida, gefen mayafinta kawai nake gani. Ta gaishe shi, ya amsa, ya tambaye ta ko ita ta faɗi wannan magana. Da ta ce ba ta faɗa ba, da ta tsira, kuma babu mai ganin laifinta. Ni baƙuwa ce, ba ta haɗa komai da ni ba.

Ta ce, "Baba, yarinyar nan ba ta yi mini ƙage ba. Ni na faɗa mata."

Zauren ya ɗauki guna-guni. Ta ɗaga murya kaɗan.

"Amma ƙarya na yi mata. Na ji ana cewa masu rubutun nan suna raba wa mata jari, in mace ta ce ba ta da mai taimaka mata. Kwaɗayi ne ya ja ni. Malam bai taɓa barin mu da yunwa ba, kowa a gidan nan yana ganin sa da hatsi ranar kasuwa. Ni ba na aikin komai. 'Yar gyaɗar ma ta rage zaman banza ce. A yafe mini."

Muryarta ba ta yi rawa ba ko sau ɗaya. Sai na ji wani a waje ya fashe da dariya ya ce, "Kai, mata!" Wasu suka taya shi. Tsohuwar nan ta ce, "Allah wadai, ki zubar da mutuncin mijinki a kan jari." Fushin da ya cika wurin ya koma dariya da tsaki, duk a kanta. A gabana matar da ke tashi tun asuba ta zama maƙaryaciya mai kwaɗayi a bakin garinsu, kuma na san sunan zai bi ta har wurin biki da suna.

Wan mijin ya gyara tsayuwa ya ce, "To tunda ƙarya ce, a goge. A gabanmu."

Mai unguwa ya dube ni ya gyaɗa kai. Na koma tambayar abinci, na cire "mata" na sa "miji". Wan ya ce saura. Na koma baya, shafi biyun nan da muka cika muna dariya, suya da matsar mai da ƙuli-ƙuli, na bi su ɗaya bayan ɗaya ina gogewa. Da na gama na karanta musu abin da ya rage: ba ta aiki, ba ta da abin samu, miji ke ciyarwa. Aka ce madalla.

Mijin ne kaɗai bai ce madalla ba. Ya juya fuskarsa ga bango ya goge ido da hannun riga, sannan ya yi magana karo na farko, a hankali: "A bar 'yar mutane ta tafi gida."

Aka miƙo jakata daga cikin gida. Ban ga fuskar matar ba, hannunta kawai na gani, da ƙunar kasko a bayansa. Ana kiran la'asar mai unguwa ya miƙe ya ce, "Tashi, 'yata. Babu mai taɓa ki. Ni zan raka ki bakin hanya da kaina." Na tashi na bi bayansa.

Ban sake komawa garin ba, ban san yadda ta ƙare da ita ba, aikin ma a makon na ajiye shi. Amsar kuwa haka ta tafi yadda na gyara ta, don tsoro bai bar ni na faɗa wa shugabanmu ba. Abin da ranar ta koya mini shi ne, kafin ka nemi gaskiya a bakin mutum, ka fara duba wanda zai biya kuɗinta in ta fita, kuma in an rage murya an ba ka magana, amana aka ba ka, ba amsa ba. Yanzu duk sa'ad da na ji ana lissafa matan karkara da ba su da aikin yi, nakan yi shiru. Na san ɗaya daga cikinsu. Ni na sa ta a ciki, ita kuma ta yarda ta shiga don in koma wurin uwata da raina.