Inda Yake Tsayawa La'asar

Maigidana direban tasi ne. Muna zaune a Tremont, cikin Bronx a New York, amma yawancin fasinjojinsa a Queens yake samunsu, unguwannin 'yan Hindu. Akwai wani bakin ruwa da yake tsayawa ya yi la'asar, inda matansu ke shiga ruwa har gwiwa suna sakin kwakwa da furanni da yadi. Ya ce ba mai kallon wani, suna nasu yana nasa, jirage na tashi a gabansa. Ya sha cewa zai kai ni. Ban taɓa tambayar sunan wurin ba, tunda shi zai tuƙa.

Ya rasu ana tsakiyar zafi. Babbar 'yata, wadda ke aikin jinya, ta ce mu je mu nemi wurin tun mutane na zuwa, da mun ga taron mun gane. Na ce ina takaba.

"Mama, wa zai gan ki a nan?"

Na ce ba don a gan ni nake yi ba. Ranar da na fita takaba, ganyen bishiyoyi duk ya zube.

Muka fara da wani ɗakin ibadar 'yan Hindu a Richmond Hill, tsakanin shagon yadi da wurin gyaran mota. Mun bar takalma a ƙofa. Ƙamshin turare ya cika wurin, ana kaɗa 'yar ƙararrawa. Na tsaya daga baya, ban san inda zan sa idona ba. Wani dattijo mai farin zane ya saurari 'yata har ta gama, sannan ya tambaya: ruwan gishiri ne ko na tafki? Akwai gada? Duk tambayar da ta juyo mini da ita, sai in ce ban sani ba. Ya ce wuraren da yawa ne, kuma yanzu sanyi ya hana mutane. Ya ce mu yi haƙuri da rashin da muka yi.

A mota ta ce, da Turanci, da na ji maganarta da tuni mun gama.

Mun je wani tafki a Flushing. Ba yashi, sai ciyawa da agwagi da masu gudun motsa jiki. Daga nan sai Rockaway, inda igiyar ruwa ke da ƙarfin da ba macen da za ta tsaya a ciki da kwakwa a hannu. Iska ta yi ta fizgar hijabina. Muka juyo, cunkoso ya riƙe mu, ina kallon rana tana yin ƙasa.

A gindin wata gada muka ga wurin ajiye motoci, ba kowa sai masunta biyu. Na sauka. Ga ɓawon kwakwa cikin yashi, ga jan yadi ya naɗe a dutse, ga 'yan kaskon fitila a fashe. Jirgi ya tashi. Na ce a raina nan ne. Da 'yata ta tambaya, sai ɗaya daga masuntan ya nuna mana da hannu: can ma 'yan Hindun suna yi, tsallaken gadar ma suna yi, har can gaba inda ba ma hangowa. Daga ko'ina kuma ana ganin jiragen.

'Yata ta ɗauko dardumar salla daga mota ta shimfiɗa. Wannan karon da Hausa ta yi magana, irin tata mai karyewa.

"Nan ne, Mama. Baba ya taɓa nuna mini."

"Yaushe?"

Ta kawar da kai, hancinta ya yi ja don sanyi.

"Ke dai ba ki iya ƙarya ba," na ce. "Ko da Turancin."

Ta yi dariya, sai dariyar ta koma kuka. Ban rarrashe ta ba, don in na fara ba zan iya sallar ba, lokaci kuma yana fita. Iska ta ƙi barin dardumar ta kwanta. Muka ja ta bayan mota, 'yata ta taka gefe ɗaya da ƙafarta, na yi la'asar a kan kwalta kusa da taya. Na yi masa addu'a. Da na sallame na ce ta naɗe, ta kai ni tsallaken gadar kafin duhu. Ta ce da asuba take da aiki. Muka hau hanyar Bronx.