Zoɓon da Ya Je Gaban Na'ura

Shekara shida ina wankin kwalabe a wani ɗakin gwaje-gwaje a Alƙahira. Kamfanoni kan aiko da giyar inabi a bincika abin da ke cikinta. Akwai wata na'ura mai girman firji: a ɗiga mata ɗigo ɗaya, ta farfasa shi, ta auna nauyin kowace ƙwaya, ta fito da zane mai tsini-tsini kamar haƙoran zarto. Ni dai nawa soso da sabulu.

Laifina ɗaya, ba na iya ganin kwalba mai kyau a shara. Na kwaso huɗu, na wanke sau bakwai, maiɗakina ta ɗura zoɓo, na kai wa ɗaliban addini na unguwar Hayyus Sabi' da muke cin abincin Juma'a tare. Cikinsu har da malamin da ke koya mini karatun boko, ɗan Kano, wanda na girme wa da shekara ashirin.

Sai da suka shanye uku wani ya ɗaga kwalbar ya ga hoton inabi. Nan aka buɗe littattafan fiƙihu. Wani ya ce yana jin jiri, wanda ya fi kowa sha ya ce dama ɗanɗanon bai kwanta masa ba. Malamina ya ce a dakatar da darasi sai hukunci ya fito. Lokacin mun kusa gama littafi na biyu.

Na kai wa Dakta, shugabar ɗakin gwajin, ragowar kwalbar. Ta yi dariya har ta cire tabarau, ta ce ma'alish ya Hajj, wato ba komai Alhaji, ta ɗiga wa na'urar. Zoɓo ne da sukari da citta.

Malam ya ce na'ura ɗaya shaida ɗaya ce, shari'a kuwa biyu take so. Na koma. Dakta ta sa abokin aikinta ya maimaita, suka ba ni takardun zanen na'urar guda biyu.

Ranar Juma'a malam ya karɓi takardun biyu, ya daɗe yana dubawa yana gyaɗa kai, sauran suna leƙe ta kafaɗarsa. Na jira ya gama, sannan na ce a hankali:

"Allah gafarta malam, a juye suke."

Ya juya su, ya yi gyaran murya, ya ce ai duk ɗaya ne ga mai fahimta. Sannan ya dube ni ya ce:

"Baba, Asabar ka zo da littafinka. Zoɓon kuma a jarka."