Kocin rairayi a kan ciyawa

Shekarun baya, tun kaina bai fara furfura ba, wata ƙungiyar ƙwallo ta wata ƙasa can bakin teku ta ɗauke ni koci. Ni da na ƙare ƙuruciyata ina horar da 'yan wasa a rairayin garin Tsibiri, kusa da Maraɗi, wai yau ni ne zan hau jirgin sama! Da na je fadarmu ta hira a unguwar Zariya ta Maraɗi yin sallama, wani abokina yana zuba shayi ya ce, "Tahi abinka, wata guda na ba ka, su koro ka." Aka kwashe da dariya. Na yi musu sallama na tafi.

To, ku ji wautar da na tafka. A rairayi ƙwallo ba ta gudu, in ba ka buga da ƙarfi ba, a hanya za ta tsaya. Da wannan na tashi, shi kuma na kai musu. Kullum ina bakin fili ina ihu: da ƙarfi, da ƙarfi! Su kuwa filinsu ciyawa ce, ga ruwan sama ba ya ɗaukewa. Duk bugun da suka yi sai ƙwallo ta zame ta wuce mutum ta yi waje. Wasa uku a jere ana lallasa mu, ni kuma ina ta balbale 'ya'yan mutane da faɗa.

Sai shugaban ƙungiyar ya kira ni biro, wato ofishinsa. Cikin lallashi ya ce, "Koci, mu ce ba ka da lafiya, iskar teku ba ta karɓe ka ba. Ka koma gida da mutuncinka."

Kai! Wallahi raina ya ɓaci. Na ce, "Lafiyata lau. In kora ce, ka kore ni gaban jama'a, ka ce na kasa. Amma ba ni komawa Maraɗi da ciwon ƙarya."

Ya ce, "Wasa guda ya rage maka."

Da safe na tuɓe takalma, na shiga fili, na ce wa babban 'yan wasan, "Yau kai ne koci, nuna mini halin ciyawarku." Sau biyu ina shan ƙasa, tim, suna riƙe ciki don dariya. A nan ƙafata ta gane abin da kaina ya ƙi ganewa. Na ba su haƙuri, muka koma taɓa ƙwallo a hankali.

Ranar Lahadi canjaras muka yi, ɗaya da ɗaya. Ba nasara ba ce, amma ba a sake yi mini maganar ciwo ba. Shekara uku na yi da su, daga nan wasu ƙasashe biyu suka neme ni.

Har yau babu wasan da nake alfahari da shi kamar canjaras ɗin nan. Kuskure na yi, ban musa ba, ni na jawo. Sai dai da na karɓi rufin asirin nan, da yanzu ina rairayi ina ihun da ƙarfi, ina faɗa wa mutane iska ce ta koro ni.