Lambatun da Ya Raba Malam Ilu da Sahun Farko

Duk wanda ya san bayan Goron Dutse ya san Malam Ilu mai wankin hula. Kakansa ne ya zo da sana'ar daga Barno, shi kuma ya tashi ya tarar da ita a ƙofar gida. Gajere ne, mai saurin hawa, hannuwansa kullum fari fat da sitaci. Abu biyu yake taƙama da su, kuma ko ba ka tambaya ba sai ya gaya maka: shekara talatin da ɗaya hular mutum ba ta taɓa ɓata a hannunsa ba, sannan azahar ba ta taɓa samunsa a wani wuri ba sai sahun farko, daidai bayan liman.

To, ga inda abin ya kwaɓe. Rumfarsa tana gefen inuwa, rana kuwa tana tsallaken lambatu, taku huɗu kacal. Can yake jera hulunan a kan kawunan katako su bushe. Ashe lambatun nan, wanda ko akuya mai ciki tana tsallake shi, shi ne iyakar ƙananan hukumomi biyu, shi ne kuma iyakar caji ofis biyu. Malam Ilu bai taɓa sanin haka ba. Ɓarawo ne ya riga shi sani.

Bara aka fara. Ya fito daga masallaci ya tarar da kawunan katako uku tsirara, an ɗauke hulunan, duk zanna bukar masu tsada. Bayan kwana biyar aka ƙara ɗauke biyu. Kwashe hulunan lokacin salla ba zai yiwu ba, don ranar tsaka ce ke busar da sitaci, in ka taɓa su da danshi sun lalace. Mai gadi kuwa zai cinye ribar har ya haɗa da uwar kuɗin.

Ya tafi caji ofis ɗin kusa. Aka tambaye shi inda hulunan suke lokacin da aka ɗauka, ya ce tsallake. Aka ce to ba hurumin nan ba ne. Ya hau adaidaita sau biyu ya je na can, su kuma suka ce ai shi mazaunin wancan ɓangaren ne, kuma ma motarsu ba mai. Ya samu kansila, kansila ya buɗe hannuwa ya ce 'yan sanda na tarayya ne, shi wa ya aike shi ya ba su umarni. Ya koma wajen Garba shugaban 'yan sintirin unguwa, abokinsa tun na allo. Garba ya sunkuyar da kai ya ce ƙaramar hukumar wannan gefen ce ke ba su alawus, in suka kama mutum a tsallake wani abu ya faru, ba mai tsaya musu. Kai, wannan irin abu da ban takaici yake!

Da ya dawo gida, a kan matarsa 'Yardada ya juye fushin, ita da ba ta ci ba ba ta sha ba. Ya ce mata ɓarawon nan ɗan kasuwa ne kamar kowa, ya auna ya ga hula ɗaya cefanen mako ce, kamu kuwa babu, to me zai hana shi dawowa? Ita dai cewa ta yi ya rage murya, maƙwabta na ji.

Ran wata Talata ya yi abin da bai taɓa yi ba. Aka kira azahar ya ƙi fita, ya laɓe a bayan ƙyauren zaure. Da ya ji an ta da iƙama, sai da idonsa ya kawo ruwa. Can sai ga mutum ya zo a natse, ya tsuguna yana zaɓe. Magidanci ne da gemunsa, Ashafa mai sayar da tsofaffin huluna a bakin kasuwa, wanda suke gaisawa. Malam Ilu ya cafki wuyan rigarsa, ya jawo shi ya tsallako da shi lambatun, bai saki ba sai a gaban kantar caji ofis ɗin kusa.

Ɗan sandan ya ɗaga biro ya ce, "Baba, a ina ka kama shi?"

Da ya ce a nan gefen, da magana ta ƙare. Amma mutumin da ya bar jam'i ɗazu ba zai ɗora ƙarya a kai ba. Ya ce tsallake. Aka tura su can. Can kuma aka ce sai mai hular ya zo da kansa, mai hular ya aiko cewa ba zai wuni a ofis saboda hula ɗaya ba. Kafin magariba Ashafa yana gida. Washegari ya biyo ta tsallaken, har da yi wa Malam Ilu sannu da aiki.

Yanzu kullum in aka kira azahar, Malam Ilu yana ɗaukar tabarmarsa ya tsallaka ya zauna cikin rana a gaban hulunan. Yana jin kabbarar liman ta lasifika, raka'a bayan raka'a, sai jama'a sun fito sannan ya yi tasa shi kaɗai. Shi kuwa Ashafa, tunda aikin azahar ya mutu masa, sai ya koma zuwa masallacin, ana ganinsa yana fitowa cikin mutane da takalmi a hannu.

Da liman ya tare shi ya tambaye shi lafiya ba a ganinsa, sai Malam Ilu ya nuna masa tsallaken lambatun.

"Malam, gwamnati uku ke kaina," ya ce, "amma ni ne mai gadi."

Tun da ya fara gadin nan hula ko ɗaya ba ta sake ɓata ba. Gurbinsa na bayan liman kuwa, mako biyu aka yi ana bar masa shi, daga nan wani ya matso ya cike.