Farar Marmarar Da Ta Fitar Da Inna Daga Kicin

Assalamu alaikum Edita. Na daɗe ina karanta labaran mutane a wannan shafi ina cewa Allah ya kyauta, yau ga nawa. Ba zan kama sunan kowa ba.

Lokacin da abin ya faru ina da shekara talatin da bakwai. Haifaffiyar Sabo ce ni a nan Ibadan, ina sayar da atamfa da turaren wuta a cikin gida, maigidana kuma yana kawo albasa da wake daga Arewa zuwa kasuwar Shasha. Ni mace ce mai son a shigo gidana a yaba, wannan ba zan ɓoye ba. Mahaifiyata, da muke kira Inna, tana zaune da mu tun rasuwar babanmu. Gwiwoyinta sun gaji, ba ta iya doguwar tsayuwa, amma hannunta na nan da ƙarfinsa. Kullum bayan asuba tana kan 'yar kujerarta a tsohon kicin, gaban wani dakalin siminti da tsayinsa bai wuce gwiwa ba, tana dama kunun tsamiya. Rabin layinmu da kununta suke karyawa. A nan take jin wadda ta haihu da wanda ya dawo daga tafiya, a nan take faɗanta da dariyarta.

Da kasuwa ta yi wa maigida kyau, ya ce in gyara kicin yadda nake so. Birkilan da muka ɗauko daga Mokola, wani dattijon Bayarabe, shi ya raka ni inda ake sayar da dutsen da ake shimfiɗawa a kan teburin girki. Ya nuna mini tayil, ya ce datti na maƙalewa a tsakaninsa. Ya nuna mini baƙin giranet, ya ce wannan ko tukunya aka sauke masa daga wuta babu ruwansa. Ni kuwa idona ya riga ya faɗa kan wata farar marmara irin wadda nake gani a waya. Ya ce marmara ba ta shiri da tsami da manja, ya tambaye ni me ake dafawa a gidan. Na ce masa abinci. Ranar da ya zo awo ya tarar da Inna a kan kujerarta, sai ya ja ni gefe ya ce a bar wa Mama dakalinta a lungu ɗaya, zai lulluɓe shi da giranet ya yi kyau. Na yi kunnen uwar shegu da shi, wai zai ɓata mini tsari. Inna ma ta tambaye ni sau ɗaya ina za ta riƙa zama, na ce mata ai hutu ne ya zo mata. Washegari aka fasa dakalin.

Kicin ya yi kyau, gaskiya. Sai na zama 'yar sandar dutse: kada a dire tukunya, kada a yi daka, kada a baje kaya a ƙasa. Inna ta koma dama kunu a tsaye, ta jingina da teburin da gwiwar hannu, in ta yi kaɗan ta huta. Ina gani, ina wucewa. Ranar da na gayyaci matan unguwa su zo ganin gyara, ta tashi da wuri don ta yi musu kunu, ta jiƙa tsamiya a wani tsohon kwano mai yoyo. Kafin in shigo ruwan ya ci dutsen, ya bar tabo kamar faɗin faifai. Na wanke, na goge, bai fita ba, ga mata sun cika ƙofa. A gabansu na ce wa Inna ƙauyanci ba ya barin mutum, ta daina taɓa abin da ba ta san darajarsa ba. Inna ta dubi tabon, ta ɗauki kwanonta ta ce, "Ki yi haƙuri, 'yar nan. Ban san dutsen yana jin ciwo ba."

Daga ranar ba ta ƙara taka kicin ba. Masu sayen kunu suka yi ta zuwa ana mayar da su har suka daina. Ta koma ɗaki da carbi da rediyo, abin da aka kai mata shi take ci, ba ta cewa gishiri ya yi yawa ko ya yi kaɗan. Na yi niyyar ba ta haƙuri ya fi a ƙirga, kullum sai in ce gobe. Bayan wata uku ta ce tana so ta je ganin ƙanenta a Funtuwa. Ni na kai ta tasha a Ojoo, ta sa mini albarka, motar ta tashi. Wata bakwai da tafiyarta aka bugo waya da la'asar cewa ta rasu.

A wurin gaisuwa matar kawuna ta gaya mini Inna ta yi ta girki a zaune a tsakar gida har saura kwana biyu ta cika. Na jira in ji ƙarata da Inna ta kai, ashe ba ta kai ba. Wai duk wanda ya shigo sai ta ba shi labarin 'yarta ta Ibadan da ta yi kicin mai farin dutse, har mutum na ganin fuskarsa a ciki.

Ban yi kuka a can ba, har yau kuma bai zo ba. Ina tashi, ina girki, ina sayar da kayana, amma ba na jin daɗin komai, ba na jin zafin komai. Na gane cewa ranar da na je zaɓen dutse na yi tunanin idon baƙi, ban yi tunanin mai girkin ba. 'Yan uwana mata, duk wadda za ta gyara kicin ta fara duba me ake dafawa a gidanta, wa ke dafawa, a tsaye ko a zaune. In da tsohuwa a gidan, a tambaye ta kafin a kira birkila. In kuma baki ya riga ya suɓuce, a shiga ɗakinta a ba ta haƙuri a ranar. Ni na yi wata goma ina da dama, ban yi ba.