Kusurwar Sallar Yaya Bashir

Shekara bakwai ke nan cif da muka binne yayana Bashir a nan Kuala Lumpur, nesa da Fagge inda aka haife mu. Karatu ya kawo shi, ya gama ya kama koyarwa, ni kuma aure ya kawo ni daga baya. Ciwon kwana uku ya yi. Ya bar 'ya ɗaya, Husna, tana da shekara huɗu. Da mahaifiyarta ta sake aure a Kaduna sai aka bar mana ita saboda makaranta.

Ya bar wani abu kuma, wanda ban taɓa faɗa wa kowa ba sai kwanan nan: littafin rubutu mai shuɗin bango.

Yaya mutum ne mai son gem, irin na da, dogon akwati kamar firij da ake jefa wa kwabo. Tun muna yara yake sulalewa Sabon Gari ya tsaya bayan masu bugawa yana kallo. Ya ce kafin a samu na gida da na waya, duniya duk a tsaye take buga gem, kowa na ganin kuskurenka. Da ya zo nan sai ya tarar da irinsa a bayan wani kedai, wato kanti, a unguwar Cheras, wajen wani tsoho ɗan China. A gem ɗin wani ɗan dunƙule ne mai baki yake bin lunguna yana cinye ɗige-ɗige, dodanni huɗu suna farautarsa, in ya ci babban ɗigo kuma shi yake farautarsu na ɗan lokaci. Duk Asabar yana can.

Ni abin bai taɓa kwanta min ba. Sati biyu kafin rasuwarsa na ce masa, "Haba Yaya, babba da kai, da digiri har uku, kana gudun dodon kwali?"

Ya yi dariya ya ce, "Ke dai Binta, ba gudu nake ba. Halinsu nake karanta."

Da muka kwashe kayansa na ga littafin, na buɗe na ga zanen lunguna da kibiyoyi, sai na tura shi ƙasan akwatin zannuwana. Na ce kada yarinya ta tashi ta ji cewa abin da ubanta ya bari ke nan. Na ɗauka kare shi nake yi.

Yanzu Husna shekararta sha ɗaya. In na yi mata Hausa da Turanci take amsawa, in ta ji haushi da Malay. Kanta kullum yana kan waya, tana buga wasannin da ba su da ƙarshe, ba mai tsayawa a bayanta. Nakan ce da Yaya zai ga wannan me zai ce? Ina jin ba wasan zai dame shi ba, kaɗaicin ne. Kwanan baya muna wanke-wanke ta tambaye ni yadda Abbanta yake magana, wai ta manta muryarsa. Ranar na ciro littafin, karo na farko na karanta shi.

Ashe muryar tana ciki. Kowane dodo ya raɗa masa suna. Ja shi ne Mai Naci, bayanka kawai yake bi. Na biyu Ɗan Tare, ba ya bin ka, gabanka yake zuwa ya jira. Na uku Ba-tabbas, na huɗu Matsoraci, da ya matso sai ya juya. Ya rubuta, "Kada ka ci babban ɗigo don tsoro. Bari su taru tukuna." A shafi na tara ya zana wata kusurwa ya kewaye ta da jan biro: "Kusurwar salla. In ka shige nan ka fuskanci sama ba sa ganin ka. Je ka yi La'asar ka dawo." Na zauna a bakin gado na yi kuka. Mutumin da nake wa wa'azi ashe ya nemo wa sallarsa wuri har a cikin wasa.

Asabar ta zagayo na ɗauki Husna muka hau jirgin ƙasa daga unguwarmu Taman Melati zuwa Cheras. Tsohon yana nan, ya ƙara rankwafawa. Ya gane hoton Yaya nan take. Ya ce akwatin gem ɗin yakan manta sunayen gwanaye da an kashe wuta, shi ya sa ya rubuta na Yaya a takarda ya manna a gefe. Haruffa uku ne, sun koɗe. Ya ce ƙarshen wata masu saye za su zo su ɗauke akwatin, amma yau, "boleh lah," wato ba komai, mu buga.

Husna ta kama sandar da ake juya ɗan dunƙulen da ita, ni na tsaya a bayanta da hijabina ina karanto mata littafin da ƙarfi. Sau huɗu ana cinye ta. A na biyar na ce ta kula da hagu, sai na ji ta ce, "Na gan shi, Gwaggo! Ɗan Tare ne, munafuki!" Da Hausa, har da karin harshen ubanta. Da wayata ta yi kiran La'asar sai Husna ta ce, "Ina kusurwar?" Na nuna mata. Muka je masallacin bene muka dawo, ɗan dunƙulen yana nan, dodanni suna ta kewaya shi.

Har yanzu raina bai kwanta ba. Shekara bakwai na hana marainiya muryar ubanta, kuma Asabar biyu kawai suka rage mana kafin a ɗauke akwatin. Wanda zan nemi yafiyarsa ba ya nan. Littafin dai yanzu yana ƙarƙashin filon Husna, tana haɗa baƙi a hankali, in ta cije ta kira ni.

Allah Ya haskaka kabarinka, Yaya, Ya sa ka a kusurwar da babu abin da zai same ka. Ni kuma Ya yafe min.