Fuskar Soja a Bayan Motar Albasa

Buhu ɗari biyu da tamanin na albasar Nijar, da babbar mota ɗaya tilo da na mallaka bayan shekara ashirin ina zaune kan benci a kasuwar Tamale. Abin da na saka a hanya ke nan a ƙarshen daminar shekarar da Burkina ta yi juyin mulki har biyu. A irin wannan lokaci albasa tana wuya, wadda motarta ta fara shigowa gari ita ke yanka farashi.

Masu motocin wannan hanya da ke ratsa Burkina suna da wata dabara. Direba yana ajiye hotunan shugabanni a aljihun mota. In ya shiga ƙasa sai ya rataya na mai ƙasar a gilashi da zare, in ya ƙetare boda ya sauke, ya rataya na gaba. Ba ƙauna ba ce. Mai tsaron shinge in ya ga ubangidansa yana kallonsa, ba ya nawa wajen ɗaga sanda.

Da aka yi juyin farko, soja ya kori zaɓaɓɓen shugaba, ƙanena malamin makaranta ya zo gidana a Kasalgu yana rawar jiki, waya a hannu.

"Yaya, Afirka ta farka! Wannan mutumin sai ya shekara talatin a kan kujera."

"Ta farka ta sha koko?" na ce. "Kai da ko ɗan sanda ka hango sai ka canza titi?"

Na yi masa dariya, amma maganar shekara talatin ta zauna mini. Na taso ina ganin soja in ya hau, sai tsufa ko harsashi. Farar hula kuwa shekara huɗu ne, a raba atamfa, a shafe bango, a rubuta wani suna. Na ce zare na farar hula ne, soja sai fenti. Na kira mai zane ya zana fuskar sabon shugaban a ƙofar bayan mota, da hularsa, faɗinta ya kai tabarma. Direbana, dattijo ne da ya girme ni, ya tsaya ya daɗe yana dubawa.

"Mma Hajiya, zare ana kwance shi. Fenti fa?"

"Masta, kai dai tuƙi na ɗauke ka."

Wata takwas abin yana mini aiki. Har sara wa bayan motata ake yi.

Ina rumfa da hantsi labari ya zo a rediyo cewa wani kyaftin ya tumɓuke mutumin nawa. Kafin azahar ga ƙanena a kan babur, da irin rawar jikin nan.

"Yaya, wannan ne na gaskiya! Wancan ai yaron Faransa ne."

"Wanda ka ba shekara talatin?"

"Ba ki gane siyasar duniya ba ne."

"Na gane motata tana tsakiyar ƙasarsu da kaya."

Da la'asar direba ya kira. Yana wani ƙaramin gari, tafiyar rabin yini kafin bodarmu. Matasa sun gicciya itace a hanya, suna kaɗa tutar Rasha.

"Na wuce lafiya, Mma Hajiya, har hannu suka ɗaga mini. Gilashi babu komai, na sauke tun da na ji rediyo. Da suka ga bayanmu ne suka biyo ni da babura."

Na ce ya sayi baƙin fenti ya shafe. Ya ce ya gwada faɗa musu, sun ƙi. Wai motar da ta ɗauki fuskar maci amana wata takwas ba za ta motsa ba sai ta ɗauki ta kyaftin, kuma da tutar Rasha a gaba. Mai zane ɗaya ne a garin, masu shaguna da masu motoci sun riga mu layi. Tela ma haka, farin yadi da shuɗi da ja sun ƙare masa, sai da aka kawo daga wani gari.

Albasa ba ta son zama a rufe. In mota ta tsaya, ana buɗe tamfol ta sha iska, in tsayuwar ta yi tsawo a sauke a shanya a inuwa. Matasan suka hana a taɓa igiya ko ɗaya, wai kayan shaida ne. Ruwa ya sauka sau biyu, rana ta biyo baya.

Kwana huɗu ina zaune da rediyo. Shugabannin yankinmu suka sa kwat suka taru a otal, suka fito suka ce sun damu ƙwarai. Faransa ta yi tir. Masu goyon Rasha suka yi murna. Kowa yana maganar talakan Afirka kamar ɗansa na cikinsa, mu kuwa masu kaya a hanya ko sunanmu bai fito ba. Waɗanda suka yi zaɓe ma ban ji an tambaye su ba, ba a juyin farko ba, ba a na biyu ba.

Warin ne ya riga motar shiga tasha. Ruwa baƙi yana ɗiga daga ƙasanta. A baya ga sabuwar fuska, an zana ta cikin gaggawa a kan tsohuwar, kunnen wancan yana leƙowa ta gefen hular wannan. Ƙanena ya zo ya tsaya a gabanta aka ɗauke shi hoto, hannu ɗaya a sama, ɗayan ya toshe hanci.

Kwana biyu mata suna tsince masu kyau. Ban ba direba damar ta da maganar zare ba.

Buhu casa'in da biyar suka fita da rai. Ɗari da tamanin da biyar aka kwashe da keke mai ƙafa uku zuwa bolar Gbalahi. Masu saye biyu daga Kumasi, da suka shekara bakwai suna ɗauka a hannuna, sun gaji da jira sun koma wa wata, har yau ba su dawo ba. Abin da na samu a ciki tuta ɗaya ce, ɗinkin ma karkatacce, ita nake shimfiɗawa in shanya barkono.